Lamba Bakwai a Layin Sama

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar Litinin aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawa a ɗakin sanyi na wani kamfanin ajiyar kifi. Sufeto yana cikin motarsa a bayan ofis, yana karyawa da burodi da shayi shi kaɗai kamar kullum, ya riƙe kofin da hannu biyu. Saja ce ta ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Yallaɓai, aiki ya samu. Kuma yau gidanku za mu."

"Gidanmu?"

"Ɗakin ƙanƙara."

Ƙanƙara shi ne sunan da ake kiransa da shi a ofis idan ya ba da baya, don ba ya zama cin abinci da kowa, ba ya hira. Ya sani, ita ma ta san ya sani. Bai yi dariya ba. Ya rufe kofin, ya ta da mota.

Kamfanin dogon gini ne mai jiƙaƙƙen siminti, ƙarni ya kama ko'ina. A can ƙurya ɗakin sanyin yake, ƙofarsa ta kai katifa kauri, da ƙaton kwaɗo rataye a jiki. An riga an fito da mamacin an lulluɓe shi da tamfol. Tsoho ne gajere, siriri, cikin rigar sanyi ta aiki. Shi ke auna kaya a sikeli, shi ya sa kowa ke ce masa Mai-sikeli.

Sufeto ya shiga ɗakin. A ƙasa akwai ƙarfen da ake kankare ƙanƙara da shi, bakinsa ya lanƙwashe. Jikin ƙofar daga ciki duk ya lotsa, daidai tsayin ƙirjin gajeren mutum. Ya murɗa hannun buɗewa na ciki, hannun ya yi ta juyawa bai kama komai ba.

"Tun yaushe wannan ya lalace?"

"An sanar da masu gyara," in ji Manaja, yana share gumi duk da sanyin wurin.

"Ban tambaye ka wa aka sanar ba."

"Wata uku, yallaɓai. Amma muna da tsari. Tsarinmu bai taɓa ba mu kunya ba."

Ya nuna tsarin. Kowane ma'aikaci yana da lambar ƙarfe mai igiya. A bakin ɗakin canza kaya akwai allon katako mai ƙusoshi layi uku, kowace ƙusa da lambarta a rubuce. Idan mutum zai shiga ɗakin sanyi, sai ya ciro lambarsa daga allo ya rataya a wata jar ƙusa da ke gefen ƙofar. Idan ya fito, ya mayar. Mai kullewa ba zai sa kwaɗo ba sai ya ga jar ƙusa babu komai.

"Lambar mamacin fa?"

"Bakwai. Ga ta can a kan allo."

Tana nan kuwa, a layin sama, tsakanin shida da takwas.

"Wa ya kulle ranar Asabar?"

Manaja ya juya ya dubi wani dogon mutum da ke tsaye shi kaɗai kusa da famfo. Ma'aikata goma sha wani abu da ke wurin su ma shi suke kallo.

Kafin Sufeto ya isa gare shi, wani dattijo mai faffaɗar fuska ya tare shi da kujeru biyu, ɗaya a kowane hannu. Idanunsa sun yi ja don kuka. Shi ne shugaban leburori, ana ce masa Baban Kowa.

"Sannunku da zuwa, yallaɓai. 'Yata, zauna, ƙasan nan da santsi. Allah ya kawo ku ranar baƙin ciki."

Sufeto ya ji mutumin ya kwanta masa a rai tun kafin ya gama ajiye kujerar.

"Yaushe ka ga mamacin na ƙarshe?"

"Asabar, wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da zan tafi. Leburori duk mun tashi tare. Ya ce zai ɗan tsaya ya kankare bakin fanka."

"Wa ya rage?"

"Shi da mai riƙe da makulli." Ya sunkuyar da kai. "Ba na son in ɗora wa kowa, yallaɓai. Duk 'ya'yana ne."

"Akwai wani abu tsakaninsu?"

"Ni dai ban ce ba. Amma ranar Juma'a kowa ya gani."

Abin da kowa ya gani, leburorin suka faɗa suna rige-rigen baki. Mai makulli ya shiga ɗakin sanyi ya finciko tsohon ta wuyan riga, ya jawo shi waje yana yi masa tsawa. Sunansa ma ai ya ishe ka, in ji wani, Murtuke. Shekara huɗu ba wanda ya ga haƙorinsa. Ka gaishe shi ya ɗaga maka kai kamar ka zage shi. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki. Mutum irin wannan me ba zai iya ba?

A ofishin Manaja aka zaunar da Murtuke. Hannayensa manya ne, sanyi ya tsattsage su. Bai kalli Sufeto ba, agogon bango yake kallo.

"Kai ka kulle?"

"Ni ne."

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu."

"Ka duba jar ƙusa?"

"Na duba. Ba komai."

"Ka leƙa ciki? Ka yi kira?"

Murtuke ya ci gaba da kallon agogo.

"Kai ka buɗe yau da safe, gawa ta faɗo maka a ƙafa. An ce ko hawaye ba ka yi ba."

"Haka ne."

"Me ya haɗa ku ranar Juma'a?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa ka shaƙe tsoho?"

Murtuke ya ɗago ido karon farko. "Yallaɓai, gobe Talata ce ko?"

"Gobe kotu ce," in ji Saja. "Miƙo hannu."

Kafin azahar Murtuke yana tsare a bayan kanta, an karɓe bel ɗinsa da abin da ke aljihunsa an zuba a ambulan. Oga, shugaban caji ofis ɗin, ya karanta bayanin a tsaye.

"Ya amsa shi ya kulle. Akwai faɗa, akwai shaidu goma sha wani abu. Me kuma kake jira? Gobe da safe a kai shi."

"To, yallaɓai."

Sufeto ya koma motarsa ya buɗe littafinsa. Tun yana sabon shiga wani malaminsu a makarantar horo ya koya musu raba shafi biyu. Hagu, abin da ka gani da idonka. Dama, abin da aka ce maka. Malamin yakan ce idan kai ka makara, ka san hanya ce ta cushe, amma idan wani ya makara sai ka ce malalaci ne, kuma da wannan ɗan bambancin ake cika gidan yari.

Shafin dama ya cika har ya juya. Mugu, mai girman kai, ba ya gaisuwa, ba ya dariya. Shafin hagu layi huɗu ne kacal: ƙarfe ya lanƙwashe, ƙofa ta lotsa, hannun ciki ya lalace, lamba bakwai a kan allo. Babu sunan Murtuke a ko ɗaya. Ya kuma lura da abin da bai ji daɗinsa ba. Ya yi wa Murtuke tambaya bakwai, duka don ya tabbatar da abin da aka riga aka gaya masa. Baban Kowa kuwa tambaya uku, yana zaune a kujerar da mutumin ya kawo masa.

Ya sauke gilashi ya kira Saja.

Ƙarfe biyu da rabi suka koma kamfanin. An sallami leburori cin abinci, sai wata tsohuwa mai shara tana goge siminti da tsumma a bakin sanda. Ba wanda ya yi mata tambaya da safe. Sufeto ya tsaya gaban allon yana kallo.

"Ɗan nan, matsa min, ka taka inda na goge."

Ya matsa. Ta bi inda idonsa yake, sai ta tsaya cak.

"Wa ya kai ta can?"

"Me, Iya?"

"Lambar marigayi. Wa ya hau da ita sama?"

"Ba nan ne wurinta ba?"

"A rubuce dai nan ne. Amma shekara biyu ina goge allon nan ban taɓa ganinta a sama ba. Kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa tun da kwali ya faɗo masa, ga shi ɗan guntu. Ga wurinta nan."

Ta nuna da sandar. A ƙasan allon, a gefe, inda inuwar ƙofa ke rufewa, akwai wata ƙusa guda da ba ta cikin layi, ba ta da lamba. Katakon da ke ƙarƙashinta ya goge, ya yi ɗan da'ira mai haske.

"Wa ya kafa wannan?"

"Murtuke mana. Ya ga tsoho yana ɗage yana nishi, bai ce uffan ba, ya je ya ɗauko guduma."

"Faɗan Juma'a fa?"

"Faɗa?" Ta yi tsaki. "Doka minti ashirin ce a ciki. Tsohon nan ya yi kusan awa, leɓensa har ya canza launi. Da ɗana ne ya jawo shi, da na sa masa albarka. Ni dai ba a tambaye ni ba, mai shara ce."

Sufeto ya rubuta a shafin hagu: ƙusar ƙasa. Tsohon ba zai iya kai lambarsa layin sama ba. Wanda ya kafa masa ƙusa kuma, ko a ruɗe yake, hannunsa ƙasa zai nufa. Wanda ya rataya ta mutum ne da ya san rubutun allo, bai san mai lambar ba.

Manaja ya buɗe musu lokar mamacin. Takalmi ɗaya, hula, rabin burodi da ya bushe, da ƙaramar waya, don ba a shiga ɗakin sanyi da waya, sanyi yana kashe batir. Saja ta jona ta a caji ta kunna.

"Kira uku ba a ɗauka ba, yallaɓai. Asabar ƙarfe biyar da kwata. Asabar ƙarfe bakwai. Lahadi ƙarfe goma na safe. Duk lamba ɗaya."

"Iyalinsa?"

"Ba shi da kowa a garin nan," in ji Manaja. "Ɗaki ɗaya yake haya."

Saja ta ja allon wayar ƙasa. Kafin waɗannan ukun, kiran ƙarshe da ya shigo ya kwana goma sha tara. Sufeto ya daɗe yana kallon wannan layin. Sannan ya miƙa wa Manaja wayar.

"Ka san lambar?"

Manaja ya duba, ya sake dubawa. "Ta Baban Kowa ce."

A caji ofis Sufeto ya sa aka kawo masa ambulan ɗin Murtuke ya zazzage a tebur. Makullin gida, tsinken sakace, da wani katin asibiti da ya tsufa a aljihu. Sunan mace ne a kai, sashen wankin ƙoda. Kowace Talata da Asabar, ƙarfe biyu da rabi, da hatimi. Hatimin ƙarshe na shekaranjiya ne. Ya buga waya sashen. Nas ɗin da ta ɗauka ba ta ko duba takarda ba.

"Dogon nan marar magana? Shi ke goyo ta daga bakin ƙofa har gado. Asabar yana nan har shida, a kujerar da ya saba."

Aka fito da Murtuke. Sufeto ya ajiye katin a gabansa.

"Ƙarfe huɗu na Asabar kana ina?"

Murtuke ya dubi katin, kafaɗunsa suka sauka.

"Talata ranar hutuna ce, ba matsala. Asabar ce ba ni da izini. Na nema sau biyu, Manaja ya ce in zaɓa, aiki ko jinya."

"Sai ka yi yaya?"

"Ƙarfe biyu nake zamewa. Baban Kowa ya karɓi makulli, ya kulle, ya saka min a cikin takalmin roba. Shekara ɗaya da rabi bai taɓa faɗa wa kowa ba."

"Shi ya sa ka ce kai ka kulle."

"Da safe ya same ni ya ce in yi shiru. Ya ce tsautsayi ne, tsoho ya manta bai rataya lamba ba, ba wanda za a kama. Idan na ce na fita, aikina ya tafi. Idan aikin ya tafi, katin nan ya zama takarda. Baban Kowa mutumin kirki ne, yallaɓai. Shi kaɗai ke min magana a wurin."

"Shi ya ce min kai kaɗai ka rage da tsohon."

Murtuke ya sake duban agogo.

Ƙarfe biyar saura suka sami Baban Kowa a kamfanin, a tsakiyar leburori, yana tsara waɗanda za su je karɓo gawa idan likita ya gama. Ya taso da fara'a, yana neman kujera.

"Bar kujerar. Zo nan gaban allo."

Ya zo.

"Ka ce ƙarfe ɗaya ka tafi ranar Asabar."

"Haka ne, yallaɓai."

"Me ya sa ka kira Mai-sikeli sau uku?"

"Gaisuwa ce. Kowa ya san ni da zumunci."

"Shekara nawa kuna aiki tare?"

"Tara."

"A wayarsa babu kiranka ko ɗaya kafin ranar Asabar. Zumuncin ranar ya fara?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a wurin. Sufeto ya ciro lamba bakwai daga layin sama ya miƙa masa.

"Mayar min da ita inda mai ita yake ajiyewa."

Baban Kowa ya karɓa, ya ɗaga hannu ya rataya tsakanin shida da takwas. Wani daga cikin leburorin ya ja numfashi. Mai shara ta jingina sandarta da bango, ta taho, ta sa yatsa a kan ƙusar ƙasa.

Dattijon ya dubi ƙusar. A bayyane yake yau ya fara ganinta.

"Kana gaida kowa," in ji Sufeto, "amma ba ka kallon kowa. Mai makulli yana asibiti daga biyu da rabi zuwa shida, akwai hatimi, akwai shaida. Wa ya kulle?"

Baban Kowa ya zauna a jiƙaƙƙen simintin.

"Ƙarfe uku na zo kullewa. Surukaina suna jirana a gida, tun safe ake bugo min waya. Na ga lambar a jar ƙusa."

"Ka gan ta."

"Na gan ta. Sai na ce, tsohon nan da mantuwa. Wata rana ya bar hularsa, wata rana tabarau. Na ce ya tafi gida ya bar ta, halinsa ne. Na cire masa na mayar allo, don kada Manaja ya gani ranar Litinin ya yi masa faɗa. Wallahi taimakonsa na yi niyya."

"Ka buɗe ƙofar ka duba?"

"Inji yana ƙara, ina sauri."

"Ya taɓa manta lambarsa a jar ƙusa? Ko sau ɗaya a shekara tara?"



"A'a."

"Ƙarfe biyar da kwata ka kira shi. Likita ya ce a lokacin mai yiwuwa da sauran numfashinsa. Daga gidanka zuwa nan minti nawa ne?"

"Ashirin. Da bai ɗauka ba na ce ai shi ne, kullum wayarsa a aljihun wata riga. Duk kiran da na yi sai in samo wa kaina dalili. Ni ba mai kisa ba ne, yallaɓai, ranar ce ta zo min a cakuɗe. Kowa ya san halina."

"Da safe ka ce min duk 'ya'yanka ne, sannan ka ba ni ɗaya."

"Na ga kamar shi ba zai..." Bai ƙarasa ba.

Saja ta sa masa ankwa. Sufeto ya gaya wa Manaja ya zo ofis gobe ƙarfe tara da takardun gyaran ƙofa, ya kuma zo da lauya idan yana da shi. Da aka ratsa da Baban Kowa ta cikin leburorin, suka dare masa hanya, wasu suna cewa sannu Baba, Allah ya kawo sauƙi. A bayansa Sufeto ya ji wani yana cewa a hankali, "Duk da haka dai, da wancan bai gudu daga aikinsa ba, da ba a kai nan ba. Ni tun farko fuskarsa ba ta yi min ba."

Bai juya ba.

Kafin magariba aka sallami Murtuke. Ya sa hannu a takarda, ya ɗaura bel, ya saka katin a aljihun gaba ya danna maɓalli a kai. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya ɗaga wa Sufeto kai sau ɗaya, irin ɗagawar da leburorin suka ce kamar zagi ce, ya fita da sauri wajen masu mota.

Sufeto ya koma bayan ofis. Shayin safe yana nan a kofi, ya huce. Yana buɗewa aka ƙwanƙwasa gilashi.

"Yallaɓai, an rufe fayil. In yi tambaya?"

"Yi."

"Me ya sa kake cin abinci a mota?"

Ya dube ta. Sannan ya saki hannun hagu daga kofin, ya bar na dama shi kaɗai. Kofin ya fara rawa, shayin yana bugun baki yana zuba a wandonsa. Ya mayar da hannun hagun ya tallafe.

"Shekara shida ke nan," ya ce. "Ke ce ta farko da ta tambaya."

Saja ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta zauna, ta ɗauki ragowar burodin ta gutsura.